Kotu ba ta karɓar tara ta waya

Wata ranar Juma'a bayan an sallame salla, ina neman takalmina a ƙofar masallacinmu da ke unguwar Bronx ta birnin New York, sai wani dattijo direban tasi da muka daɗe muna gaisawa ya riƙo hannun rigata, wayarsa tana manne a kunne, ya rufe bakinta da tafin hannu. Ya ce da ni a hankali, "Malam, don girman Allah zo ka saurari mutumin nan, wai an yanke mini tara, idan ban biya yau ba za a zo a kama ni." Na karɓi wayar na saurara. Muryar da ke ciki ta mutum ce mai natsuwa, wanda ya gabatar da kansa a matsayin jami'in mashal na kotun tarayya, wato jami'in tsaro mai zartar da umarnin kotu, ya faɗi lambar aikinsa, ya faɗi lambar ƙara, ya kuma karanto adireshin gidan Alhaji daidai ba kuskure. Laifin da ya ɗora masa shi ne wai an aika masa sammaci ya je ya zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci amma ya ƙi zuwa, don haka ana binsa dala 2,500, kuma hanyar biya ita ce ya shiga kanti ya sayi katunan sayayya ya karanto lambobin da ke bayansu, ba tare da ya kashe waya ko ya gaya wa kowa ba. Na kashe wayar na miƙa masa, na ce, "Alhaji, ɗan damfara ne." Ya dube ni da idon wanda bai gamsu ba, ya ce, "Amma fa, Malam, akwai wata ambulan da ta zo watannin baya, ban buɗe ba."

Wannan ambulan da ba a buɗe ba ita ce jarin ɗan damfara, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kotunan tarayyar Amurka sun yi shekaru suna fitar da sanarwa a kan wannan zamba, kuma da wuya ka buɗe shafin intanet na wata daga cikin kotunan gunduma 94 da ke ƙasar ba ka tarar da gargaɗi a kanta ba. Abin da sanarwar take faɗa gaskiya ne, kuma a fili yake. Ra'ayina shi ne gargaɗin bai wadatar ba, saboda an ajiye shi a wurin da wanda ya fi bukatarsa ba ya zuwa, kuma saboda ya tsaya a kan siffanta ɓarawo alhali abin da mutane suka jahilta shi ne yadda kotun gaskiya take tafiyar da al'amarinta. Wanda ya san takun kotu ba ya bukatar a siffanta masa ɓarawo, da kansa zai ji baƙon taku.

Ga mai karatu da ke Kano, inda alƙali shi kaɗai yake sauraron shaidu ya kuma yanke hukunci, tsarin yana bukatar ɗan bayani, ko da yake 'yan'uwanmu na Ghana sun san shi, domin a can mutum bakwai ne suke zama tare da alƙali a manyan shari'o'i irin na kisan kai. A Amurka, alƙali yana kula da bin doka a zauren shari'a, amma talakawan gari da aka ɗebo sunayensu ba tare da duba ko su wane ne ba su ne suke yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin ko bai aikata ba. Al'ada ce da suka gada daga Ingila, kuma sun riƙe ta da ƙarfi har ta kai ga cewa hana su ita yana cikin ƙorafe-ƙorafen da suka lissafa a kan sarkin Ingila a takardar ayyana 'yancin kai ta 1776. Gyare-gyare na 5 da na 6 da na 7 na kundin tsarin mulkinsu, waɗanda suka fara aiki a 1791, sun tabbatar da ita. A kotun tarayya mutum 12 ne suke zama a shari'ar laifi, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a ce mutum ya yi laifi, a shari'ar da ke tsakanin mutane kuwa adadin yana kamawa daga 6 zuwa 12. Akwai kuma wani rukuni na mutum 16 zuwa 23 da ke zama a asirce, aikinsa ya duba ko hujjar mai gabatar da ƙara ta isa a gurfanar da mutum, kuma zamansa yana iya kaiwa wata 18.

Dokar da ta tsara yadda ake zaɓo mutanen nan a kotunan tarayya ta 1968 ce. Kafin ta, a gundumomi da yawa wasu fitattun mutanen gari ne suke miƙa sunayen waɗanda suke ganin sun cancanta, kuma ba sai an faɗa ba, baƙaƙen fata da matalauta ba su cika shiga idonsu ba. Dokar ta ce a ɗebo sunaye ba tare da zaɓe ba daga rajistar masu kaɗa ƙuri'a, kuma gundumomi da dama suna ƙarawa da jerin masu lasisin tuƙi. Sharuɗɗan cancanta ba su da yawa: mutum ya kasance ɗan ƙasa, ya cika shekara 18, ya yi shekara guda yana zaune a gundumar, ya iya Turanci gwargwadon da zai cike fom ya bi shari'a, kuma kada ya kasance ana tuhumarsa da babban laifi ko kotu ta taɓa samunsa da irin wannan laifi ba tare da an mayar masa da haƙƙoƙinsa ba. Sharaɗi na farko kawai ya isa ya rushe maganar mai wayar nan, domin Alhaji katin zama na dindindin gare shi, bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, saboda haka ko ya roƙa ba za a bar shi ya zauna a wannan kujera ba. Shekara ashirin da wani abu yana biyan haraji a ƙasar, amma bai taɓa jin wannan magana daga bakin kowa ba.

Yadda kotu take neman mutum ma a tsare yake, kuma a hankali yake tafiya. Da farko takardar tambayoyi take zuwa ta gidan waya, ana so a cike ta a mayar cikin kwana goma, ko dai a takarda ko ta shafin kotun. Idan an ga mutum ya cancanta, wata rana sammaci yana iya biyowa baya, shi ma ta gidan waya, ɗauke da rana da wuri da lambar da mutum zai kira da yamma kafin ranar don ya ji ko ana bukatarsa. Wanda yake da uzuri na rashin lafiya ko tafiya ko jarrabawa yana da damar rubutawa ya nemi a ɗage masa, kuma a gundumomi da yawa wanda ya haura shekara 70 yana iya neman a ɗauke masa. Idan kuma mutum ya yi kunnen uwar shegu bai je ba, abin da doka ta tanada shi ne a umurce shi ya bayyana a gaban alƙali ya faɗi dalilinsa. Sai alƙali ya saurare shi bai gamsu ba sannan zai iya ci masa tarar da ba ta wuce dala 1,000 ba, ko ɗauri na kwanakin da ba su wuce uku ba, ko aikin hidimar jama'a, ko ya haɗa masa su. A duk tsawon wannan hanya babu gaɓar da wani zai kira ka ya ce ka biya yanzu don a janye takardar kamu, kuma kuɗin da aka nema daga Alhaji sun ninka iyakar abin da doka ta yarda da shi sau biyu da rabi.

Akwai wani kuskure da nake yawan ji daga masu kyakkyawar niyya, waɗanda ke cewa kotu ba ta taɓa kiran mutum a waya. Ba haka ba ne, ofishin akawun kotu yana iya kiran wanda aka yi wa sammaci ko ya aika masa saƙon tunatarwa game da canjin rana ko lokaci. Abin da kotunan da kansu suka ce shi ne yawancin hulɗarsu da jama'a ta gidan waya ce, kuma jami'insu na gaskiya ba zai nemi lambar soshal ta mutum, wato lambar shaidar da gwamnati ta ba shi, ko lambar katinsa na banki ta waya ko ta imel ba, balle ya nemi a biya shi da katin sayayya ko kuɗin kirifto ko ta manhajar tura kuɗi. Bambancin yana da muhimmanci, domin wanda aka koya wa cewa duk kira ƙarya ne zai iya kashe wa akawun gaskiya waya ya jawo wa kansa matsalar da yake gudu. Ma'aunin da ba ya kuskure shi ne neman kuɗi da gaggawa da kuma hana mutum shawara, kuma maganinsa shi ne mutum ya kashe waya, ya nemo lambar ofishin akawu daga shafin kotun da kansa, ya kira ya tambaya.

Masu wannan sana'a ba sakarkaru ba ne. Suna iya sa lambar kotu ko ta ofishin 'yan sanda ta bayyana a fuskar wayarka alhali daga wata uwa duniya suke kira, suna ambaton sunayen alƙalai na gaskiya da suka kwaso daga shafin kotu, suna aiko da takardar kamu ta bogi mai hatimi, wasu har shafin intanet suke ƙirƙira mai kama da na hukuma inda za ka shigar da bayananka ka biya. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne wani ɓangare na kiran daga cikin kurkuku yake fitowa. A watan Janairun 2016 masu gabatar da ƙara na tarayya a jihar Jojiya sun tuhumi fiye da mutum 50 da ke da alaƙa da gidan yarin Autry, cikinsu har da fursunoni da gandurobobi, bisa zargin shigar da wayoyi ta bayan fage da damfarar jama'a da su, kuma wannan zamba ta sammaci tana cikin dabarun da aka yi amfani da su. Mutumin da yake ɗaure ya fi kowa sanin kalmomin kotu da irin tsoron da suke jefawa a zuciya. Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, wadda ke tattara ƙorafin waɗanda aka damfara, ta ce a 2024 jama'a sun kawo rahoton asarar dala biliyan 12.5 ta hanyar zamba iri-iri, kuma dala miliyan 789 daga ciki sun tafi ne ga masu yin sojan gona da sunan hukumomin gwamnati. Yin sojan gona da sunan jami'in tarayya laifi ne da ke iya jawo ɗaurin shekara uku, sai dai wanda ya riga ya karanto lambobin kati da wuya kuɗinsa su dawo, rahoton da zai kai ihu ne bayan hari.

To, a ina kotunan suka gaza? Da farko dai a wurin da suke ajiye gargaɗin. Shafin kotu wuri ne na lauyoyi da 'yan jarida da wanda ya riga ya karɓi sammaci, ba wurin da direban tasi ko mai aikin jinyar tsofaffi ko mai kitso yake leƙawa ba. Sannan yawancin sanarwar da Turanci take, wani lokaci da Sifaniyanci. Na san amsar da za a bayar, cewa doka ta shardanta iya Turanci ga mai taya alƙali, don haka wanda abin ya shafa zai iya karantawa. Wannan hujja ta manta cewa ɗan damfara ba ya duba cancanta kafin ya buga waya. Mutanen da ya fi samun sa'a a kansu su ne waɗanda ba su san tsarin ba, waɗanda kalmar kamu take tuna musu da jami'an shige da fice da rabuwa da iyali, wato mutanen da kotu ba za ta taɓa gayyata ba su ne ake tatsa da sunanta. Sunan kotu ake sata, saboda haka ina ganin alhakin kare shi ya wuce liƙa sanarwa a bango. Kuɗin da za a kashe a fassara jimloli huɗu zuwa harsunan baƙin da ke gunduma, a kai su masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin direbobi da gidajen rediyon al'umma, bai taka kara ya karya ba.

Sai kuma yaren takardun kansu. Sammacin da ya zo mini shekaru uku bayan na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, abin da ya fara shiga idona a cikinsa shi ne tara da ɗauri ga wanda bai je ba. Ban ce a cire wannan ba, doka ce, kuma idan babu ita kujeru za su zauna babu kowa. Amma idan abin da jama'a suka haddace game da wannan aiki shi ne barazanar kawai, ba su haddace matakan da ke gabanta ba, to an share wa ɗan damfara fage ne, shi da yake sayar da barazana tsagwaronta. Kamata ya yi a duk inda aka rubuta hukuncin, a rubuta kusa da shi da harufa masu girma ɗaya cewa alƙali ne kaɗai yake yanke shi, ido da ido, bayan ya saurari mutum, kuma ba a biyan sa ta waya.

Akwai wani dalili mai zurfi da sanarwa ba za ta iya gyarawa ba, shi ne abin da ke sa mutane jefar da ambulan tun farko. Kotun tarayya tana biyan mai taya alƙali dala 50 a rana tare da kuɗin mota, kuma alƙali yana iya ƙara wa dala 10 idan shari'a ta wuce kwana goma. Sai a 2018 aka kai kuɗin haka, bayan ya tsaya a dala 40 tun 1990. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, wanda a aikin awa takwas ya kama dala 58, ma'ana gwamnati tana biyan wanda ta ɗora wa yanke makomar ɗan Adam ƙasa da abin da ta tilasta wa mai kanti ya biya yaronsa. Gaskiya ne doka ta hana a kori ma'aikacin dindindin saboda ya tafi wannan aiki, har da tarar da za ta iya kaiwa dala 5,000 a kan mai kamfanin da ya yi haka, amma dokar tarayya ba ta tilasta masa ya biya albashin kwanakin ba. Ma'aikacin gwamnatin tarayya albashinsa yana tafiya yadda ya saba, na babban kamfani ma sau da yawa haka, amma wanda cinsa yake hannunsa, kamar direba ko mai sana'ar hannu, kowace rana a kotu asara ce da zai ji a kuɗin haya. Irin wannan mutum ne zai ga hatimin kotu a ambulan gabansa ya faɗi, ya tura ta ƙarƙashin takardu, ya ci gaba da yawo da laifi a ransa har ranar da waya za ta yi ƙara. Majalisar dokoki ce take da ikon gyara kuɗin, ba alƙalai ba, amma ban ga yadda za a raba matsalar damfarar da wannan ba. Illar kuma ba ta tsaya a nan ba, domin idan masu ƙaramin ƙarfi suna zamewa, to manufar dokar 1968 ta cewa masu yanke hukunci su fito daga kowane ɓangare na al'umma ta zama magana a takarda, kuma hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da suka hana ware mata a 1975 da hana cire mutum saboda launin fatarsa a 1986 ba su hana talauci ya yi nasa tankaɗen ba.

Duk da wannan suka, ba na cikin masu ba da shawarar a guje wa aikin, kuma ina jin haushin yadda a zamanmu na hira ake koya wa juna dabarun kuɓuta, wani ya ce ka nuna ba ka jin Turanci, wani ya ce ka ce kana ƙin 'yan sanda. A tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa da na yi, an lissafa wannan aiki tare da kaɗa ƙuri'a a matsayin nauyin da ke kan ɗan ƙasa shi kaɗai. Ranar da na je, na wuce na'urar bincike da sassafe na zauna a wani babban ɗaki tare da mutane fiye da ɗari, daga mai kwat da ɗamara zuwa mai kayan aikin gini, kowa riƙe da lambarsa. Bayan azahar aka shigar da mu zaure kashi-kashi, alƙali ya gabatar da wanda ake tuhuma da lauyoyi, ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya ko mun san wani a cikinsu, ko akwai abin da zai hana mu yin adalci. Da ya zo kaina na ce ina bukatar 'yan mintuna na yin salla, ya ce za a duba lokacin hutu, ya wuce zuwa tambaya ta gaba ba tare da ya canza fuska ba. A ƙarshe lauyan ɓangare ɗaya ya cire ni ba tare da faɗin dalili ba, wanda haƙƙinsa ne, domin a manyan laifuka mai gabatar da ƙara yana da irin wannan dama sau 6, ɓangaren wanda ake tuhuma kuma sau 10. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda saurayin da ake tuhuma yake bin fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wanda ya san irin unguwar da ya fito. Idan mu muka ƙi zama, wata rana ɗan wani daga cikinmu ne zai yi wannan kallo ya rasa.

A namu ɓangaren kuwa, abin da kotu ba ta yi ba muna iya yin wani abu daga ciki ba tare da jiran kowa ba. Da yawanmu mun baro gida da sanin cewa ba a karanta wa baƙon murya lambar sirrin banki ko da ya rantse daga banki yake, amma da muka zo nan sai kwarjinin hukuma ya sa muka ajiye wannan wayo a filin jirgi. Limami da zai ɗauki minti biyu bayan huɗuba ya faɗi cewa wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya zama mai taya alƙali, cewa idan takardar tambayoyi ta zo masa ya cike ta da gaskiya ya mayar, kuma kada ya kuskura ya yi iƙirarin zama ɗan ƙasa a kanta domin hakan yana iya lalata masa takardunsa har abada, ya yi wa jama'arsa aikin da shafin kotu bai yi ba.

Washegari Alhaji ya zo gidana da ambulan ɗin, ta yi laushi don daɗewa a aljihun mota. Da muka buɗe sai muka tarar ba ma daga kotun tarayya take ba, takardar tambayoyi ce daga kotun jiha, wadda take da nata tsarin daban, take kuma ɗebo sunaye har daga jerin masu lasisin tuƙi da masu biyan haraji. Muka sa alama a gurbin da ke cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne, muka haɗa da kwafin katinsa, ya sa hannu, muka taka tare zuwa akwatin gidan waya da ke kusurwar layi. Mai wayar ya sake kira sau biyu a wannan makon, Alhaji bai ɗauka ba.